Rabin Ƙwayar Baffa

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar jikata. Haƙoran nata sun fito, ko har yanzu tana hana ku sakat? Allah ya raya ta. Yaya ɗalibanki?

Na zaɓi takarda ne maimakon waya, domin a waya kuka kike sa mini tun ban kai rabin magana ba, wannan kuwa sai na kai ta ƙarshe. Babanku yana raye. Ki fara da wannan, ki sha ruwa, sannan ki ci gaba da karatu.

Kin ji cewa faɗuwa ya yi a shago. Abin da ba ki ji ba shi ne wanda ya kayar da shi. Yana tsaye yana kwance wata fanka, sai ya dafe tebur ya sulale ƙasa. Telar da ke gefen shagon ce ta ji ƙarar kujera, ta fito ta tare mota. A asibiti sai da suka danna masa wutar lantarki a ƙirji kafin zuciyar ta dawo kan hanya. Shaidar tana nan a fatarsa, jawur.

Likitar zuciya wata doguwa ce, yarinya, amma ba ta da wasa. Ta ce in kawo duk maganin da yake sha. Kin san ni da maganin babanku. Tun ciwon zuciyar da ya kwantar da shi kina kwaleji, da hannuna nake ba shi safe da yamma. Na juye mata su a kan tebur. Ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta koma kan doguwar takardar nan da na'ura ke zana bugun zuciya a kai, ta ce akwai saura. Na ce babu. Ta ce zanen ya buɗe fiye da kima, kuma cikin abin da na kawo babu mai buɗa shi haka. Har na fara jin haushinta, ina ganin so take ta mayar da ni maƙaryaciya.

Tela ce ta warware. Ta zo dubiya, ta ja ni baranda tana murza gefen mayafinta. Ta ce ta sha ganin Baffanku, yayan nasa da suke shagon tare, ya ciro ƙwaya daga durowar da suke zuba noti, ya ɗora a tebur, ya datsa ta biyu da fulaya, ya miƙa wa babanku rabi, su kora da shayi a kofi ɗaya. Ita ta ɗauka na ciwon kai ne.

Daga nan shago na wuce. Na tarar da Baffanku zaune, hannu biyu a kan gwiwa, fankar da babanku ya bari tana nan a kwance. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tsayawa a kansa na yi magana ba. Yaya nake ce masa, in rusuna in gaishe shi. Ranar ko sallama ban yi ba. Na ja durowar da kaina na ciro kwalin.

Bai musa ba, kuma da ya musa da ya fi mini sauƙi. Bayani ya kama yi mini. Wai babanku ya yi masa ƙorafin zuciyarsa tana tsallake bugu, shi ma kuma haka tasa take yi kafin likitansa ya ɗora shi kan wannan ƙwaya ta daidaita shi tsaf. Wai uwa ɗaya uba ɗaya suke, ciwo ɗaya, to me zai hana magani ya zama ɗaya? Har da cewa don taka-tsantsan ne ma yake ba shi rabi. Kin san yadda suke aiki a shagon nan. In an kawo fanka ta ƙi juyawa, sai su ciro abu daga cikin wata su gwada. In ya shiga ramin, shi ke nan, ya yi. Haka ya yi da zuciyar mijina.

Na kai wa likita kwalin. Tana gani ta ajiye biro. Ni ma na zana zuciya a sakandare, ɗakuna huɗu da jijiyoyinta, don haka na fahimci bayaninta sarai. Ta ce zuciya tana da wutarta, kuma wutar ce ke bi ta cikin tsoka ta sa ta bugawa. Wannan magani rage wa wutar gudu yake yi. A zuciyar da tsokarta ke lafiya, irin ta Baffanku, yakan gyara bugu. Amma ta babanku akwai tabo tun ciwon baya. In wutar ta rage gudu a gefen tabon, maimakon ta wuce ta mutu, sai ta kewayo ta sake kewayowa, zuciya ta yi ta gudu ba ta tura jini. Ta ce maganin da ake bayarwa don gyaran bugu shi ne kuma ya fi iya ɓata shi, shi ya sa ba sa rubuta wa kowa sai sun yi awo, kuma mai tabo ba a ba shi wannan ko kusa.

To ga abin da na ƙudurta, kuma ba shawara nake nema ba. Baffanku ba zai sake zama tebur ɗaya da babanku ba, ba zai sake taka gidana ba. In da hali, sai ya yi wannan bayanin nasa a gaban hukuma.

Ki gaishe da maigidanki. Kada ki taso da jaririya, babu abin da za ki yi a nan.

Mahaifiyarki.

*

Zuwa ga 'yata,

Ina fatan kuna lafiya, kuma zazzaɓin yarinyar ya sauka. Ki daina ba ta abin da maƙwabta suka ce, ki kai ta a duba ta. Ina ganin yanzu ba sai na faɗa miki dalili ba.

Na ga amsarki. Shafi guda kika cika da Baffa, babanku kuwa layi biyu ya samu. Baffa ya koya miki keke, Baffa ya ɗauke ki a wuya, Baffa bai yi da gangan ba. Malama, in ɗalibinki ya tsone wa wani ido da biro ya ce bai yi da gangan ba, idon dawowa yake yi? Kyakkyawar niyya ba ta sa jahilci ya zama ilimi. Mutumin da ba zai bar kowa ya taɓa masa rediyon da ya buɗe ba, wai kada a ɓata masa aiki, shi ne ya sa hannu a aikin likita.

Tun da kin tambaya, ga abin da na yi. Na gaya wa nas ɗin da ke ƙofar ɗakin masu ciwon zuciya cewa akwai wani mai farin gemu da zai zo ya ce shi yayan majinyaci ne, kada a bar shi. Ya zo kuwa. Yana zuwa kullum, ya zauna a bencin waje, hula a hannu. In na fito ɗauko ruwa sai ya miƙe, ni kuma in ɗauke kai in wuce. Facalata, matar Baffanku, ta kawo abinci a kula, na mayar mata ban buɗe ba. Na ce mata abin da ya fito daga gidansu ya shiga cikin mijina ya isa haka. Ta yi kuka. Ban ji komai ba.

Na je ofishin 'yan sanda. Wanda ke kanta ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaya ko mutumin ya rasu. Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce to mai rai shi ke kawo ƙararsa. Da na koma na gaya wa babanku, sai ya juya fuska bango. Na ce magana nake yi. Ya ce ya ji, bangon ma ya ji.

Da wannan ta ƙi, sai na koma shago da buhu, in kwaso kayan aikin babanku. A nan na ga abin takaici. Na ce wa Baffanku ya ware mini na ƙaninsa. Ya dubi bangon da suke rataye kaya, ya ce wallahi bai sani ba. Tun kafin a haife ki suke aiki tare, amma babu fulaya ɗaya da za a ce wannan ta wane ce. Kofi ɗaya, tawul ɗaya, har tabarau ɗaya suke karɓa-karɓa. In wannan zai liƙa waya ya ce miƙo idon, in ya gama ya mayar. Mutane suna dariya suna cewa zumunci. Ni yanzu na san sunansa sakaci. Na raba kayan biyu da idona, na zuba rabi a buhu. Tabarau ba ya rabuwa, don haka na ɗauke shi, tun da ni na raka babanku aka yanka masa. Tela ta ce mini tun ranar Baffanku bai iya zura waya a rami ba, masu kaya suna zuwa suna kwashe abinsu. Na ce madalla.

Akwai abin da zan gaya miki don kada ki ji a bakin wani ki ce na ɓoye. Babanku ya ce shi ya roƙi ƙwayar. Wai ya ji tsoron gaya mini zuciyarsa tana tsalle, don zan ja shi asibiti in hana shi fita. Wai daga baya ma in Baffanku ya fita, da kansa yake buɗe durowar ya ɗauki guda, ba rabi ba. Ya faɗa yana kallona, yana jiran in sauko. Na ce masa nasa hukuncin yana nan, sai ya warke. Amma marar lafiya mai tsoro zai roƙi komai. Babba, mai lafiya, wanda likita ya ja wa kunne a kan maganinsa, shi ya kamata ya ce a'a. Bai ce ba, kuma ya ajiye shi cikin noti kamar alewa.

Kada ki sake rubuto mini sunan keke.

Mahaifiyarki.

*

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da aka ce kunne ne kawai ke damun yarinyar. Kin ga amfanin awo.

An sallami babanku. Kafin nan sun sa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya, girmanta bai wuce kwalin ashana ba. In zuciyar ta sake kwasar gudu, ita za ta buge ta da wuta ta dawo da ita. Likita ta lissafa abin da zai kiyaye: injin walda, janareto mai aiki, manyan injuna masu maganaɗisu, da taɓa abin da wuta ke ciki. Na ce mata ai ta lissafa shagonsu kaf. Ta ce to ya haƙura da shagon.

Abin da ɗan sanda ya hana ni, likita ta ba ni. Ban aika kowa ba, da ƙafata na je. Na tarar da Baffanku da mutum biyu suna jiran kayansu, ga Tela a bakin ƙofa. Ban rage murya ba. Na ce, “Yaya, na zo in gaya maka ƙaninka ya bar aiki har abada. Kai ka sallame shi, da fulaya.”

Na daɗe ina tanadin ganin fuskarsa, kuma na gani. Ya tashi ya miƙa wa mutanen kayansu ba a gyara ba, ya fara jawo ƙofar shagon tun ina ciki, sai da na matsa. An ce bai sake buɗewa ba. Na dawo gida na ci abinci sosai, karo na farko tun faɗuwar.

Babanku ne dai ba ya ci. Yana zaune a falo tun safe, hannu a cinya, yatsunsa suna motsi su kaɗai. Na ajiye masa buhun kayan aikinsa a gefen kujera ko zai ji sanyi, ko kallonsa bai yi ba. In na yi magana ya ce to. In na yi faɗa ya ce to. Mutumin da in ya dawo daga shago sai na ce ya yi shiru in ji labarai. Likita ta ce ya riƙa ɗan tattaki kullum, wannan kaɗai yake yi da son ransa.

Na san abin da za ki ce, kada ki ɓata tawada. Zai saba. Gara ya yi shiru a falona da ya yi shiru a wani wurin.

Mahaifiyarki.

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, da fatan ku duka kuna cikin ƙoshin lafiya. Hoton yarinyar ya iso. Goshin babanku ne sak, Allah ya sa ba ta ɗauko taurin kansa ba.

Tattakin babanku ya fara tsawo. Mutumin da aka ce ya kai ƙarshen layi ya dawo, sai ya fita da hantsi, sai rana ta take ya shigo, kuma ya shigo da yunwa. Ban tambaye shi ba, don na san amsar da zan samu. Na bari ya fita, na ja mayafi na bi shi daga nesa. Ya wuce ƙarshen layi, ya wuce shagon da ke kulle bai ko waiga ba, ya shige gidan Baffanku kamar ɗakinsa.

Na tsaya a bakin taga. Muryar babanku na fara ji, yana ta zuba, wai nas ta aske masa ƙirji gefe ɗaya ta bar ɗayan, ya zama kamar gonar da aka yi rabin noma. Baffanku yana dariya yana tari, yana cewa ai yanzu ƙanin nasa ya zama rediyo mai batir, in ya dame su sai su cire. Wata guda ina dafa wa mutumin nan abinci yana ba ni “to”, ashe maganar a nan yake sauke ta.

Na shiga. Dariya ta ɗauke. Facalata ta miƙe tana neman inda za ta sa kanta. Sai a lokacin na dubi Baffanku da kyau. Yana kishingiɗe da matasai a bayansa, ya rame, yana numfashi sama-sama, jijiyar wuyansa tana rawa. Na tambayi matarsa me ke damunsa. Ta ce tun ranar da na ɗauke kwalin bai sake shan maganin ba. Ya ƙi komawa wurin likitansa, wai da wane baki zai ce ga inda rabin ya tafi. Kuma ya rantse ƙwayar da ta kusa kashe ƙaninsa ba za ta sake wuce maƙogwaronsa ba.

Kin ga irin mutumin da kike karewa. Da farko ya ba wanda bai kamata ba, yanzu ya hana wanda ya kamata. Duk shi kaɗai, likita da majinyaci. Raina ya ɓaci fiye da ranar farko, domin na gane dabarar. So yake ya kwanta ya mutu a sauƙaƙe, a taru ana Allah sarki, baƙin cikin ƙaninsa ne ya kashe shi, a juyo ana nuna ni da baki. Babanku kuma ya bi shi, don na ga alama. In bar shi ya tsere mini haka?

Na tare mota da kaina, na sa shi gaba har wurin doguwar likita. Na tsaya a kansa sai da ya faɗi komai da bakinsa, fulaya da durowa da kofi. Ta wanke shi tas, ban taɓa jin daɗin muryar mutum haka ba. Ta yi masa awo, ta ce tsokar zuciyarsa lafiya lau, maganin ya dace da shi, barinsa ne ya jefa shi cikin haɗari. Ta sake rubuta masa, ta ce amma tana son wani tsayayye ya riƙe maganin, tun da shi ba abin yarda ba ne. Facalata ta buɗe baki, na riga ta miƙa hannu.

Ga yadda muke yanzu. Maganin Baffanku yana cikin kabad ɗina, a kulle, makullin yana jikina. Safe da yamma yana takowa har ƙofata. Na ce ba zai taka gidana ba, kuma ban karya maganata ba: a baranda yake tsayawa. In fito da ƙwaya ɗaya da ruwa, a kofin da na ware masa shi kaɗai, ya haɗiye ina kallo. Ranar farko ya juya zai tafi, na ce, “Yaya, buɗe bakin in gani. Ɗaga harshen.” Ya dubi ƙaninsa ko zai cece shi. Babanku ya ce masa gara ya ɗaga, shi shekara da shekaru yana ɗagawa.

Ya ɗaga. Mai farin gemu, a gaban masu wucewa. Tela ta riga ta baza labarin, har masu zuwa kasuwa suna rage tafiya in sun zo daidai ƙofarmu. Ɗan sanda da ya karɓi ƙarata, iyaka ya tsare shi kwana kaɗan ya sake shi. Likita kuwa ta ce wannan magani har ƙarshen ransa zai sha.

In ya gama, babanku yakan fito da kujera su zauna a barandar. Ban hana ba, don ta taga ina ganin hannuwansu duka huɗu. Babanku ya koma cin abinci, har yana neman ƙari. Kada ki rubuto ki ce na huce, ban huce ba. Jiya Baffanku ya makara, na aika aka gaya masa in ya sake, har gida zan biyo shi in ba shi a gaban surukansa. Yau tun ban gama shara ba na ji tarinsa a ƙofa.

Ki shafa mini kan yarinyar, ki gaishe da maigidanki. In kun samu hutu ku zo, yanzu akwai abin kallo.

Mahaifiyarki.